Jiƙo ko Likita: Lissafin da Ɗan Kasuwa Ke Yi In Ciwo Ya Zo

Duk wanda ya saba cin kasuwannin iyaka, daga Maraɗi zuwa Jibiya ko daga Ƙonni zuwa Illela, ya san rumfar da aka rataya gorar jiƙo. Mai rumfa na fama da masassara kwana uku, amma yana zaune yana ciniki, yana kurɓar ruwan ganyen dogon yaro da lemun tsami. In ka ce masa ya je likita, sai ya tambaye ka wa zai tsare masa kaya.

Mu da ke aiki a gidan rediyon jama'a mun daɗe muna jin wannan amsa, kuma mun lura ba jahilci ba ne ke hana yawancin manya zuwa asibiti. Lissafi ne. Ranar kasuwa sau ɗaya ko biyu take zuwa a mako, wanda ya wuni kan layin ganin likita ya yi asarar cinikin ranar. Ga kuɗin kati, ga na awon jini, ga takardar magani da za a kai farmasi. A Nijar, tun 2006 aka tsai da shawarar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma baligi shi ke biya wa kansa. Saboda haka magidanci kan kai ɗansa asibiti, shi kuma ya dawo gida ya yi sirace.

Akwai kuma sabo da yarda. Sabara da tafarnuwa da citta da zuma, da su aka rene mu. Mai maganin gargajiya ya san ka, yana saurarenka da harshenka, har bashi yana ba ka. Wani kuma sau ɗaya aka daka masa tsawa a asibiti, bai sake komawa ba.

Ba mu ce a zubar da gadon iyaye ba. Zuma da citta na sauƙaƙa tari da mura. Amma akwai cututtukan da jiƙo ke ɓata wa mutum lokaci kawai. Hawan jini, wato tansiyo, yakan yi shekaru ba alama, sai rana guda a ji ɓarin jikin mutum ya shanye. Ciwon sukari ma a hankali yake cin ido da ƙoda. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana iya kashe babba cikin ƴan kwanaki, alhali awonsa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako. Ƙwayoyin da ake talla a faranti cikin rana su ma ba mafita ba ne, don zafi na rage musu ƙarfi, wasu ma jabu ne.

To a sake lissafi. A 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin kula da marasa lafiya da rabi a asibitocinta. Awon tansiyo ba ya ɗaukar minti 5, ana iya yin sa ranar da ba kasuwa. Masassarar da ta kwana ta wuni ba sauƙi, a bar wa maƙwabci rumfa a tafi. Kuma a gaya wa likita jiƙon da aka sha, don wani ba ya jituwa da maganin asibiti.

Mun ga waɗanda suka ƙi asarar wuni ɗaya, daga baya aka sayar da jari dukansa wajen jinya. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.