Wutar Lantarki: Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Da wuya a sami karin maganar da ta dace da halin da wutar lantarki take ciki a Nijeriya kamar wannan. Tun zamanin NEPA har zuwa yau, duk gwamnatin da ta zo sai ta shigo da alƙawarin dubban megawat, a aza harsashin sabuwar tasha, a yanka ƙyalle, a yi tafi a watse. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: idan an samar da wutar, ta wace hanya za ta bi ta isa masaƙar Sharaɗa ko asibitin Azare, kuma wa zai biya kuɗinta? A nan gizo yake saƙa, kuma a nan ne Arewa ta fi kowa jin jiki.

Alƙaluma sun isa shaida. Tashoshin da ke haɗe da babban layin wuta na ƙasa suna da ƙarfin kimanin megawat 13,000 a kan takarda, amma abin da ke isa ga jama'a a mafi yawan ranaku yana yawo ne tsakanin 4,000 da 5,000. A watan Maris na 2025, da aka tura megawat 5,801, sai da Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, ya fitar da sanarwa ta musamman. Wani ɓangare na wannan giɓi ƙarancin iskar gas ne da lalacewar injuna. Sauran kuwa na layi ne da na kuɗi: wayoyin da ba su iya ɗaukar kaya, da kamfanonin rarrabawa da kan ƙi karɓar wutar da suka san ba za su iya tara kuɗinta ba.

Yadda babban layi yake aiki

Yana da kyau mai karatu ya fahimci cewa wutar lantarki ta bambanta da gero ko masara da ake girbewa a zuba a rumbu. A babban layi, abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha a kowace daƙiƙa. Ma'aunin wannan daidaito shi ne bugun wutar, wanda a ƙasar nan ya kamata ya tsaya a kan 50 a daƙiƙa guda. Idan babbar tasha ta ɗauke ba zato, ko wani layi ya tsinke, bugun sai ya faɗi, sauran tashoshin su kashe kansu domin kare injunansu, cikin ƙiftawar ido ƙasa ta shiga duhu. Wannan shi ne abin da jaridu ke kira durƙushewar babban layi, wanda ya faru fiye da sau goma a shekarar 2024 kaɗai.

Saboda haka, mai son gina tasha ba ya wayar gari kawai ya ɗaura wayarsa a kan turakun gwamnati. Sai ya sami lasisi daga hukumar NERC. Sai injiniyoyi sun yi nazari a kan ko layin da ke kusa da shi da taransifomar da zai shiga za su iya ɗaukar abin da zai zuba. Sai an yanke wanda zai biya kuɗin sabon layi ko faɗaɗa tashar da ke wurin. Sannan sai ya sami mai saye da zai sa hannu a kan yarjejeniya ta shekaru masu yawa, wanda bankuna suka yarda zai iya biya. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya kuɓuce, aikin ya tsaya, komai kyawun filin da aka samu.

Labarin tashoshi 14

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yulin 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina tashoshin hasken rana masu jimillar megawat 1,125. Mafi yawansu a Arewa aka tsara su, inda rana ta fi ƙarfi: akwai ta megawat 100 a Ganjuwa ta Jihar Bauchi, da ta megawat 75 a Kankiya ta Jihar Katsina, da wasu a Jigawa, Sakkwato, Kaduna, Filato da Nasarawa. An amince da farashin senti 11.5 na dalar Amurka a kan kowane yunit.

Shekaru suka shuɗe, babu ko ɗaya daga cikinsu da ta kai ga zuba wuta a babban layi. Gwamnati ta dawo ta ce farashin ya yi tsada, ganin yadda kayan sola suke ta araha a duniya, ta nemi a sauko zuwa senti 7.5. Masu zuba jari kuma suka ce bankuna ba za su saki ko sisi ba sai gwamnatin tarayya ta tsaya a matsayin mai lamuni, domin kowa ya san NBET ba ya samun cikakken kuɗinsa daga kamfanonin rarrabawa. Ita kuwa Ma'aikatar Kuɗi tana da nata dalilin ɗari-ɗari. Tashar gas ta Azura a Jihar Edo, mai megawat 461, wadda ta fara aiki a 2018, ta sami irin wannan lamuni, kuma sharaɗinta shi ne a biya ta kimanin dala miliyan 30 duk wata, ko layin ya kwashe wutarta ko bai kwashe ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

A nan ne matsalar kuɗi da ta layi suke haɗuwa su zama abu ɗaya. Gwamnatin da ba ta da tabbacin layinta zai iya kwashe wuta ba za ta so ta ɗauki alhakin biyan wutar da ba a kwashe ba. Mai jarin da bai da tabbacin za a biya shi ba zai kafa ko faranti ɗaya ba. Aka yi ta jan zare har yarjejeniyar ta zama tarihi, rana kuwa tana nan tana dukan filayen da aka keɓe.

Ba mu kaɗai muka taɓa faɗawa wannan rami ba. A Kenya an kammala tashar iska ta Tafkin Turkana mai megawat 310 a 2017, amma layin da zai kwashe wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammalu ba sai a watan Satumban 2018. Injuna 365 suka zauna zaman jira, gwamnati ta biya tarar biliyoyin shilin a kan wutar da babu wanda ya sha. A Amurka kuwa, ya zuwa ƙarshen 2023, ayyukan da ke jiran izinin shiga babban layi sun kai megawat miliyan 2.6, kusan ninki biyu na duk tashoshin da ƙasar take da su a lokacin, mafi yawansu na sola da na batir. Wannan ya sa hukumar da ke kula da makamashi ta can ta sauya doka a 2023, ta koma bai wa wanda ya shirya fifiko a kan wanda ya riga rubuta suna. Darasin ɗaya ne a ko'ina: ana iya kafa gonar sola cikin shekara ɗaya ko biyu, amma babban layi, da sayen filayen da zai ratsa da biyan diyya, yana cin shekaru masu yawa. Wanda bai fara da layi ba zai ƙare da jira.

Arewa a ƙarshen waya

Tsarin babban layin Nijeriya ya sa wannan batu ya fi tsanani a wajenmu. Manyan tashoshin gas, irin su Egbin da Afam da Ughelli, suna Kudu ne, kusa da inda ake haƙo gas ɗin. Madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da sabuwar Zungeru mai megawat 700 suna yankin Jihar Neja. Daga nan zuwa sama, wasu 'yan layuka ƙalilan ne suke ɗauke da rayuwar miliyoyin mutane: daga Shiroro zuwa Mando a Kaduna, daga Mando zuwa Kumbotso a Kano, daga Jos zuwa Gombe, sannan a miƙa zuwa Yola da Damaturu da Maiduguri. Layi ne mai kama da reshen bishiya. In aka sare shi a gindi, duk abin da ke gaba ya bushe.

An ga haka a Borno a watan Janairun 2021, lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, birnin ya daɗe cikin duhu, har sai da kamfanin NNPC ya gina tashar gaggawa mai megawat 50 da aka ƙaddamar a 2023. An sake gani a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma hanyar da ta rage, wadda ke hawowa daga Enugu ta ratsa Makurɗi zuwa Jos, ta sami matsala. Mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda babu wuta. Masu injin niƙa, masu walda, masu ƙanƙara da asibitoci su ne suka san abin da wannan mako ya ci musu.

Da a ce an gina tashoshin nan na 2016, da wani zai ce an tsira. Gaskiyar magana ita ce ba lallai ba. Gonar sola irin wadda aka saba kafawa tana bin bugun babban layi ne. In ya ɗauke, ita ma sai ta kashe kanta. Kafin ta iya riƙe gari ita kaɗai, sai an haɗa ta da rumbun ajiya da na'urorin da za su iya kafa bugun da kansu.

Batun rumbu

Rana tana bayar da mafi yawan ƙarfinta da tsaka, alhali buƙatar gidaje ta fi tashi ne bayan magariba. Gajimare ko ƙurar hunturu kuma na iya rage wutar gona guda cikin 'yan mintoci, abin da raunanan layuka irin namu ba sa jurewa. Manyan batura suna maganin duka biyun: su adana rarar tsakar rana su sake ta da dare, su kuma cike giɓi cikin ƙasa da daƙiƙa idan bugu ya fara faɗuwa. Farashin batirin litiyam ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2023. Kudancin Ostireliya ya kafa na megawat 100 tun 2017, kamfanin Eskom na Afirka ta Kudu ya buɗe nasa na megawat 20 a 2023. A gida ma, tashar sola ta Jami'ar Bayero mai megawat 7.1, da aka ƙaddamar a 2019, an gina ta ne tare da batura.

Bugu da ƙari, Allah Ya hore mana wani rumbun da muka daɗe da mallaka. Ruwan da ke kwance a bayan madatsun Shiroro da Kainji da Zungeru wuta ce a ajiye. Idan sola ta ɗauki nauyin tsakar rana, ana iya rage sakin ruwa, a tanade shi zuwa dare da kuma ƙarshen rani, lokacin da tafkunan suke ja baya, ranar kuma take kan ganiyarta. Wannan haɗin ba zai yiwu ba sai da layi mai ƙarfi tsakanin madatsun da filayen rana na can sama.

Abin da ya rage mana

Ƙofa a buɗe take fiye da da. Gyaran tsarin mulki na watan Maris ɗin 2023 da Dokar Wutar Lantarki ta watan Yunin shekarar sun bai wa jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. An kuma cire aikin sarrafa babban layi daga hannun TCN aka danƙa wa hukuma mai zaman kanta, NISO, wadda ta fara aiki a 2025. Sai dai doka ba ta kafa turke. Yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin Siemens a 2019 ta yi alƙawarin megawat 7,000 a 2021, da 11,000 a 2023, da 25,000 a 2025, kowa kuma ya ga inda aka tsaya.

Abu na farko da ya kamata gwamnoni da 'yan majalisunmu su nace a kai shi ne layi kafin tasha: a rufe zoben manyan layukan Arewa yadda kowane babban birni zai sami hanya biyu, a kuma riƙa bin kasafin waɗannan ayyuka shekara-shekara. Na biyu, a wallafa wa duniya yawan wutar da kowace tashar taransifoma za ta iya karɓa, da jerin masu jira, da wa'adin amsa musu, domin mai jari ya san inda zai dosa tun kafin ya sayi fili. Na uku, a mayar da hankali ga matsakaitan tashoshi masu shiga layin rarrabawa kai tsaye, kusa da masana'antun da za su biya, kamar ta megawat 10 da aka ƙaddamar a Chalawa ta Kano a watan Janairun 2023. Na huɗu, a fito da ƙa'ida da farashi na musamman ga masu kafa batura, tunda aikinsu na riƙe layi ne ba sayar da yunit kawai ba.

Na ƙarshe kuma shi ne mafi ɗaci: biyan kuɗin wuta. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai kimanin naira tiriliyan huɗu. Muddin ma'aikatun gwamnati da manyan mutane suna shan wuta ba su biya, talaka kuma ana yanka masa bil ba tare da mita ba, babu bankin da zai ba da rancen gina layi ko rumbu a yankinmu.

Don haka, duk ranar da wani mai mulki ya sake tara jama'a domin aza harsashin tasha, ya kamata masu ilimin cikinmu su miƙe da tambayoyi uku: ina layin da zai kwashe ta, ina rumbun da zai riƙe ta, kuma wa ya sa hannu zai biya? Idan babu amsa, to a ajiye almakashin tukuna. Allah Ya sa mu dace.