Cire katalizer daga mota: wa ke cin riba, wa ke biyan bashi?

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Damagaram, ta ratsa Gidan Rumji, ta wuce Maraɗi, sannan ta bi ta Cadawa da Agiye da Gazawa. Mafi yawan ƙananan motocin da ke bin wannan gudro tsofaffi ne da suka gama aiki a Turai. Shekara da shekaru ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke shigowa, kafin rufe iyaka da Benin a 2023 ya sauya wa fatake hanya. A ƙarƙashin irin waɗannan motoci, jikin bututun hayaƙi, akwai wani tulun ƙarfe da ake kira katalizer. Makanikai na hayin Najeriya sun laƙaba masa suna indomi, saboda cikinsa ya yi kama da dunƙulen taliya. Da zarar mota ta fara nauyin jiki, shawarar da mai ita yakan fara ji a gareji ita ce a yanke tulun nan, mota ta samu numfashi.

Cikin tulun akwai yumɓu mai dubban ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa uku masu tsada: filatin, faladiyom da rodiyom. Idan ya yi zafi, waɗannan ƙarafa sukan mai da gubar da ke cikin hayaƙi ta koma iska mai ƙarancin illa da tururin ruwa. Katalizer mai lafiya yana kawar da kusan kashi 90 cikin 100 na manyan gubobi uku na hayaƙin esansi. Amurka ta fara ɗora shi ga motoci a 1975, Turai kuma ta tilasta shi ga sababbin motocin esansi daga 1993. Ke nan Peugeot 404 da 504, waɗanda dattawan makanikan yankin suka koyi aiki a kansu, ba su da shi. Ba abin mamaki ba ne wasu su ɗauke shi kayan ƙawa na Turawa.

Masu goyon bayan cirewa suna da hujja, kuma ba a raina ta ba. Katalizer yakan toshe. Inji mai shan baƙin mai, ko fulogi da ya mutu yana barin esansi ya wuce bai ƙone ba, ko man da aka gauraya da wani abu, duk sukan narkar da saƙar ko su cushe ta. A yankin da aka daɗe ana sayen man ruwa-ruwa cikin kwalabe a bakin hanya, ba kullum direba ke sanin abin da ya zuba a tanki ba. Idan tulun ya toshe, hayaƙi ba ya fita, inji ya yi zafi, mota ta kasa hawa ko ɗan tudu. Ga wanda ya ɗauko buhunan aya ko gero daga ƙauye, cikin rairayi, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Sabon katalizer yana da tsada, samunsa kuma sai an je babban birni. Yankewa da walda kuwa aikin awa guda ne.

Sai dai ƙarfin da direba ke ji bayan yankewar ba ƙari ba ne, ƙarfin motar ne na asali da toshewa ta danne. Idan katalizer lafiyarsa lau, abin da ake samu ta cire shi kaɗan ne ƙwarai. Ƙarar da ta ƙaru ce ke ruɗin kunne. Kuma cutar da ta kashe shi tana nan cikin inji, ba a taɓa ta ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Akwai kuma kwamfutar mota. Motocin Turai na shekarar 2001 zuwa sama suna da na'urar auna iska biyu, ɗaya gaban tulun, ɗaya bayansa. In aka cire shi, ta baya takan kai ƙara, fitilar gargaɗi ta kunnu a gaban direba ta ƙi mutuwa. Ranar da wata matsala ta gaske ta taso, babu sauran abin da zai sanar da shi. In kuwa mai walda ya lalata na'urar gaba, awon mai da iska ya rikice, mota ta koma shan mai fiye da da.

Tambayar da ya kamata mai mota ya yi ita ce: ina tulun da aka yanke yake zuwa? Ba a yar da shi a juji. A watan Maris na 2021 farashin rodiyom ya kusa dalar Amurka 30,000 kowane oza, wato kimanin giram 31, ninkin farashin zinariya na lokacin fiye da sau goma. Farashin ya sauko daga baya, amma har yanzu tsohon katalizer haja ce da ake saye a tura waje a tace ƙarafan. Saboda haka satarsa ta yawaita a Turai da Amurka. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, kuma wasunsu an riga an yanke musu katalizer tun kafin su hau jirgi. Wanda ya bar nasa a gareji kyauta, har ya biya kuɗin walda, ya yi asara sau biyu.

Bashi mafi nauyi kuwa ba mai mota ke biyansa ba. Ɗaya daga cikin gubobin, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200. Ciwon kai, jiri da kasala su ne alamunta na farko. Masu shaƙarta su ne yara masu tallar ƙosai da dafaffen ƙwai a tashar Agiye, mata masu abinci a bakin gudro a Gazawa, yaran mota, da fasinjojin kujerar baya idan waldar tana yoyo. A lokacin hunturu, hayaƙin yakan haɗu da ƙura ya ƙara wa masu tari da asma wahala.

Kafin a kai zarto ga bututu, a tabbatar tulun ya toshe da gaske. A duba fulogi, a canza matatar iska da ƙura ke cikawa, a bincika ko inji na shan baƙin mai. In babu makawa sai an cire, mai mota ya karɓi abinsa a hannu, ya sayar da kansa, ya haɗa kuɗin ya nemi wani mai lafiya. Wanda kuma zai sayi mota, ya leƙa ƙarƙashinta tukuna: sabon tabon walda a tsakiyar bututu ya isa dalilin rage farashi.