Kete-Krachi: Garin Bakin Tafki da Jikan Kabawa Ya Yi wa Limanci

Ku ɗauko taswirar Ghana ku duba tsakiyarta. Za ku ga wani shuɗin ruwa mai rassa kamar saiwar rogo. Tafkin Volta ke nan, kuma a bakinsa ta wajen arewa akwai wani gari da ake kira Kete-Krachi. Ɗalibin Kalgo ko Gwandu zai iya cewa, to ina ruwana da shi? Ai kuwa da ruwanka, domin kakanninka sun san hanyar garin da ƙafa.

A zamanin fataucin goro, ayarin da ya taso daga Kano ko Sakkwato yakan ya da zango a Jega, nan kusa da mu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Borgu, ya bi ta Sansanin Mango da Yendi, har Salga a ƙasar Gwanja. Su kai kanwa da tufafi, su dawo da goro a bayan jakuna. Tafiya ce ta watanni, shi ya sa wasu idan sun je ba su dawowa. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salga, fatake da malamai da yawa suka gangara kudu zuwa Kete, unguwar baƙi Musulmi da ke maƙwabtaka da garin mutanen Krachi. Sunayen biyu ne suka haɗu suka zama sunan gari ɗaya.

Ana cikin haka sai ga Jamusawa. A 1894 suka kafa bariki a wurin, suka sa shi cikin ƙasar da suke mulka mai suna Togo. Shekara ashirin kacal suka yi, domin a 1914, da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Ingilishi suka karɓe wurin. Har yau baƙo zai ga kufan gine-ginensu na dutse a kusa da ruwa, kuma su ne abin da ake fara nuna wa mai ziyara. Ni dai a ganina babban abin tarihin garin ba dutse ba ne, mutum ne.

Sunansa Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salga. An haife shi a Kano wajajen 1858, amma asalin gidansu Kabi ne, shi ya sa ake laƙaba wa sunansa al-Kabawi a rubuce-rubucen Larabci. Ya yi yawon neman ilimi a Sakkwato da Gwandu da Argungu kafin ya bi hanyar fatake zuwa Salga. Daga can ya koma Kete, ya buɗe makaranta, ya zama limamin garin.

Abin da ya fitar da sunansa shi ne waƙa, da Larabci da kuma Hausar ajami. Kada ku ɗauka irin waƙar da kuke haddacewa shiru saboda jarrabawa ce. Rubutacciyar waƙar Hausa don kunne aka yi ta: almajiri ya kwafa, ya rera da karinta, wani ya ji ya ɗauka, falke ya tafi da ita zango na gaba. Ta haka waƙoƙinsa suka yi tafiya babu rediyo, babu waya. A Waƙar Talauci da Wadata ya zana yadda jama'a ke yi wa matalauci riƙon sakainar kashi, su kuma rusuna wa mai dukiya. Wanda ya ji ta yau sai ya rantse jiya aka yi ta. A Waƙar Nasara kuwa ya bi garuruwan da Turawa suka ci da yaƙi ɗaya bayan ɗaya.

Ga wani abin da ya kamata ku tattauna da malaminku na tarihi. Mutumin da ya yi wannan waƙa a kan Turawa, shi ne kuma ya zauna yana koya wa Bature Hausa. Adam Mischlich, jami'in Jamus da ke riƙe da Kete-Krachi, ya zama kamar almajirinsa. Liman ya rubuta masa bayanai masu yawa kan noma, sana'o'i, aure da sarautun ƙasar Hausa. Mischlich ya buga ƙamusun Hausa da Jamusanci a 1906. Shin liman ya taimaki masu mulkin mallaka ne, ko ya yi amfani da su ya adana abin da ya ga yana shirin ɓacewa? Ni na fi karkata ga na biyu, amma ban ce kada ku yi mini gardama ba.

Alhaji Umaru ya rasu a 1934. Bayan shekara talatin da ɗoriya, a 1965, aka kammala madatsar Akosombo don samar da lantarki. Ruwa ya taru ya mamaye ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane kimanin 80,000. Tsohuwar Kete na cikin wuraren da ruwa ya ci, aka gina sabon gari a kan tudu. Mutanen Yawuri sun san irin wannan ciwo, don haka Kainji ta yi musu a 1968.

Wanda ya je yau, daga Dambai, babban birnin yankin Oti, zai haye ruwa kafin ya kama hanyar garin. Zai tarar da kwale-kwalen masunta jere a gaɓa, da ƙamshin bandar kifi, da tulin doya ana lodi. Idan ya shiga zango ya yi sallama da Hausa, da Hausa za a amsa masa, ko da harshen ya ɗan karkata.

Daga cikin takardun da liman ya rubuta wa Mischlich har da tarihin Kabi, wato tarihin ƙasarmu. Takardun sun tafi Jamus, kuma wani masani mai suna Heinz Sölken ya fara buga tarihin a can a 1959, da fassarar Jamusanci.