Harajin Ƙarin Daraja: Asalinsa da Yadda Ake Lissafa Shi

Gabatarwa

Dattawan ƙasar Haɗeja sun san haraji da jangali, waɗanda dagatai da masu unguwanni suka riƙa karɓa hannu da hannu, har zuwa 1979 lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano. Amma akwai wani harajin da ba ya sallama a ƙofar gida, yana ɓoye ne cikin farashin kaya. Shi ne harajin ƙarin daraja, wanda ake kira VAT a Nijeriya, TVA a Faransa da Nijar. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a nuna asalinsa, da yadda ake lissafa shi, da kuma wanda nauyinsa yake faɗa wa.

Asalinsa

A Faransa aka fara aiki da shi a 1954, bisa shawarar wani jami'in haraji mai suna Maurice Lauré. Tun daga 2014 babban ma'auninsa a can kashi 20 ne cikin ɗari, sai kashi 10 da kashi 5.5 ga wasu kayan, kamar yawancin abinci. Nijar ta bi wannan tsari da kashi 19, saboda haka falken da ya ƙetara iyaka ta Maigatari zuwa Damagaram da shi zai gamu. Nijeriya kuwa ta soma karɓarsa a 1994 da kashi 5, ta ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020.

Yadda Ake Lissafi

Ginshiƙin tsarin shi ne kowane mai sana'a ya karɓi haraji a kan abin da ya sayar, ya cire wanda ya biya a kan abin da ya saya, ya miƙa wa hukuma ragowar. Alal misali, mu ɗauki fatar akuya, mu yi amfani da kashi 20 na Faransa don sauƙin lissafi.

Majemi ya sayar wa baduku fata a kan naira 1,000, ya ɗora harajin naira 200, ya miƙa wa hukuma. Baduku ya ɗinka takalmi ya sayar wa mai kanti a kan naira 3,000, da harajin naira 600. Tun da ya riga ya biya 200, sai ya miƙa 400 kawai. Mai kanti ya sayar a kan naira 4,000, da harajin naira 800, ya cire 600, ya miƙa 200. Jimillar abin da hukuma ta samu naira 800 ke nan, kuma duka ya fito ne daga aljihun wanda ya sa takalmin a ƙafarsa. Sauran ukun 'yan aike ne kawai.

Inda Ake Yin Kuskure

Ɗora haraji ba wuya: a ninka farashi da 1.2. Wajen cire shi ne ake tuntuɓe. Wanda ya ga naira 4,800 ya cire kashi 20 daga ciki, wato 960, zai sami 3,840, alhali ainihin farashin 4,000 ne. Dalili kuwa shi ne a kan 4,000 aka ɗora harajin, ba a kan 4,800 ba. Hanyar da ta dace ita ce a raba 4,800 da 1.2. A ma'aunin Nijeriya da 1.075 ake rabawa, wato kayan naira 4,300 harajinsu naira 300 ne.

Kammalawa

Dokar Nijeriya ta ɗauke wannan haraji daga kan abincin yau da kullum, don haka shinkafa da kifin fadamar Haɗeja sun tsira. Amma manomin da ya sayar da su, ya sayi siminti ko katin waya, ya biya ko bai sani ba. Kakanninmu sun san nawa suka ba dagaci, suna da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga. Ya kamata mu ma mu iya wannan lissafi, domin mu san abin da muke biya, mu kuma nemi a yi mana aiki da shi.