Maganin Tibi Kyauta Ne, Amma Daga Nesa Yake Zuwa

Kafin ƙwayar maganin tarin tibi ta iso hannun majinyaci a Zariya ko Gombe, ta sha tafiya. Akasari a Indiya ake sarrafa ta. Najeriya kan yi odarta ta hannun Global Drug Facility, wadda aka kafa a 2001 domin ƙasashe su samu ingantaccen magani da rahusa, asusun tallafi na Global Fund kuma ke biyan kaso mai tsoka na kuɗin. Daga Legas ake rarraba ta zuwa jihohi, sannan cibiyoyin DOTS, inda ake ba majinyata maganin.

Oda takan ɗauki watanni kafin ta iso. Shi ya sa hukumar yaƙi da tibi ta ƙasa, NTBLCP, ke lissafi da rajistar asibitoci, mutum nawa aka gano, magani nawa ya rage a sito. Inda aka yi sakaci da rajista, sai magani ya yanke a wannan gari alhali yana lalacewa a wancan.

Yankewar kuwa ba ƙaramar masifa ba ce. Wata shida ake shan maganin: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, rifampicin da isoniazid da pyrazinamide da ethambutol, sauran wata huɗun guda biyun farko kawai. Wanda ya tsaya a tsakiya, ko don ya ji sauƙi ko don an ce masa "babu, a dawo jibi", ya ba ƙwayar cutar damar bijire wa maganin. Irin wannan tibin a da sai an kusa shekara biyu ana fama da shi har da allurai, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata shida a 2022. Kuma wannan tibin mai bijire wa magani ne majinyacin zai shafa wa iyalinsa.

Kemis ba mafita ba ce. Can sai a sallami mutum da na kwana goma, iya kuɗinsa, babu gwajin majina, babu sunansa a rajistar da ake oda da ita. Ma'aikacin da ya nemi kuɗin maganin gwamnati kuwa, sata yake yi, ko da ya kira shi "kuɗin kati".

Duk wanda tari ya kai masa mako biyu, ya je gwaji, shi ma kyauta ne. Wanda ya tarar magani ya yanke, kada ya koma gida ya zauna. Ya nemi jami'in tibi na ƙaramar hukumarsa, ko ya kira 3340, ba a cajin ko kwabo.