Kafin Ka Haƙa Ramin Kifi Ko Ka Gina Ɗakin Kaji A Zariya, San Ƙasar Da Ke Ƙarƙashinka



Tambayar da ta fi zuwa mini daga mutanen Birnin Zariya da kewaye ita ce: "Malam, ina da fili, zan iya yin ramin kifi na ƙasa, ko sai na siminti?" Amsata kullum ɗaya ce: a wane ɓangare na gangare filin yake, kuma me ka tarar da ka haƙa? Mutum zai yi lissafin 'ya'yan kifi, abinci da magani, amma ƙasar da za ta riƙe masa ruwa bai taɓa sa mata diga ba. To yau ga bayani kan ƙasarmu ta Zariya, yadda aka yi ta, da abin da ya dace da kowane wuri.

ƘASAR ZARIYA HAWA-HAWA CE

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ƙasar da muke takawa a nan rabinta baƙuwa ce. Iska ce ta kawo ta. Wannan hazon da muke gani lokacin hunturu, mai sa motoci da ganye su yi fari, ƙura ce da ke tasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. A zamunnan da suka shuɗe, lokacin da fari ya fi na yanzu tsanani, wannan ƙura ta yi ta sauka shekaru dubbai har ta lulluɓe yankin Zariya, Funtuwa zuwa Kano kamar bargo. Masana suna kiran irin wannan ƙasa da sunan "lowes". Akwai irinta a arewacin ƙasar Sin, inda kaurinta a wasu wurare ya wuce mita 100, ita ce ma ke rina ruwan babban koginsu ya koma rawaya. Akwai ta a tsakiyar Amurka. Tamu ba ta kai wannan kauri ba, a wurare da dama ba ka yin nisa da haƙa za ka wuce ta.

A wasu ƙasashe wannan bargo yana kwance ne kan dutsen laka mai falle-falle, irin wanda ake samu a yankin Sakkwato. Mu a Zariya abin da ke ƙasa tsohon dutse ne mai tauri, ɗan uwan wanda ya fito fili a Kufena da Madarkaci da Tukur-Tukur. Waɗannan duwatsu kawunansu ne kawai muke gani, jikinsu na shimfiɗe a ƙarƙashin gari.

Idan ka leƙa sabuwar rijiya ko ramin masai, yawanci za ka ga hawa huɗu:

1. Saman ƙasa: mai laushi kamar gari, launin toka-toka ko ruwan ƙasa. Ita ce ƙurar iska gauraye da yashi mai laushi.

2. Jar ƙasa mai danƙo: nan laka ta taru, domin ruwan sama na wanko ta daga sama yana ajiye ta a nan. Wannan hawa shi ne abokin mai kiwon kifi.

3. Tsakuwa da marmara: wani wuri tsakuwa ce ja a warwatse, wani wuri ta haɗe ta zama faifai mai tauri da ramuka-ramuka.

4. Ruɓaɓɓen dutse, sannan dutsen kansa. Galibin rijiyoyinmu a ruɓaɓɓen dutsen nan suke samun ruwa.

Masu binciken ƙasa na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna sa mafi yawan ƙasar tudu ta yankin nan a rukunin da ake kira Alfisol. Kada sunan ya rikita ka. Ma'anarsa a taƙaice: ƙasa mai sauƙi a sama, laka na ƙaruwa in kana yin ƙasa. Iyayenmu kuwa tun tuni suka raba ta da nasu sunaye: fako, jigawa, jangargari, marmara, fadama. Ni da nasu nake aiki, don sun fi saurin shiga kai.

DAGA GINDIN DUTSE ZUWA FADAMA

Kaurin hawan nan huɗu ba ɗaya ba ne ko'ina. Ruwan sama na kwashe ƙasa daga sama ya zube ta a ƙasa, shi ya sa fili biyu da ke unguwa ɗaya za su iya bambanta kamar dare da rana.

Gindin dutse da saman tudu. Ƙasa ba kauri, tsakuwa da marmara a kusa, wani lokaci a fili. Ruwa ba ya kwanciya. Nan ne gidan kaji. Ƙafar gini na zama daram, iska na ratsawa, daɓe ba ya jiƙa. Amma ramin kifi na ƙasa a nan asara ce. Marmara na yaudara, mutum ya ga tauri ya ɗauka za ta riƙe ruwa, alhali ramukanta da tsagunta kamar rariya suke. Mai fili a nan ya yi tankin siminti, na roba ko na tamfol.

Tsakiyar gangare. Nan bargon ƙura ya fi kyau, jar laka na ƙarƙashinsa. Ramin kifi na iya yiwuwa in hawan lakar na da kauri, kuma gangaren zai taimaka maka wajen zubar da ruwa ba tare da inji ba. Sharaɗin shi ne ka tsaya a cikin lakar. Da yawa suna cewa a ƙara zurfi don kifi ya sake, sai leburori su huda lakar su faɗa tsakuwa. Daga ranar ramin ya zama kwando.

Gindin gangare. Ruwan da ya nutse a sama yana bin saman marmara ko dutse ta ƙarƙashin ƙasa, ya zo ya ɓullo a nan cikin watan Agusta da Satumba. Da rani wurin a bushe yake ƙayau, shi ya sa masu sayen fili a watan Maris ke shiga tarko. Alamar ita ce ƙasa mai dabbare-dabbare, ja da toka, in ka haƙa. Wannan launi shaida ce cewa ruwa na kwana a wurin duk shekara. Kada ka gina ɗakin kaji a nan sai da ciko mai tsayi.

Fadama, irin ta bakin Kubanni da Galma da Saye. Ƙasa baƙa ko toka, mai nauyi, ruwa a kusa. Ita ta fi riƙe ruwa, amma abu biyu: ambaliya na iya kwashe maka kifi a dare ɗaya, kuma wasu fadamun akwai zanen yashi a cikinsu da kogi ya ajiye, wanda ke zuƙe ruwa da rani. Ramin da ruwa ke ɓuɓɓugowa ta ƙasa kuma ba ya bushewa, ka ga ba damar shanya shi a kashe cuta tsakanin zubi da zubi.

ME YA SA SAMAN ƘASAR KE BA MU WAHALA?

Ƙurar iska ba yashi ba ce, ba kuma laka ba ce, tsaka-tsaki take. In ta jiƙe ta yi santsi a hannu sai ka rantse laka ce, amma ba ta da danƙon kama juna. In ka yi bangon rami da ita, ruwa zai riƙa cinta ta ciki har ya ɓurma. In ruwan sama ya buge ta sai ta yi ɓawo a sama, ruwa ya kasa shiga, ya kwarara da gudu. Zariya na samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba. Wannan ruwa in ya taho daga saman gangare, ɗakin kaji da ba shi da magudana shi zai fara tarba.

Daɓe ya jiƙe, buntu ko diddigar katako su dunƙule, wari ya tashi ya riƙa cin idon kaji da huhunsu, sai kashin jini ya biyo baya. Kuɗin maganin da za ka kashe a damina ɗaya ya isa ya yi maka ciko tun farko. Da rani kuma ƙasar nan ce ke tashi ta zama ƙura, kaji su kama tari da mura.

Saboda haka, ga mai kaji: ɗaga daɓe aƙalla santimita 30 sama da ƙasar waje, ka cike da marmara ko jar ƙasa a daddaɓe, ba da saman ƙasa ba. Ka ja kwata ta gefen sama ta kewaye ɗakin. Tsawon ɗakin ya bi gabas zuwa yamma don rana kada ta shiga ta gefe.

GWAJI UKU DA BA SA CIN KO SISI

Na farko, haƙa. Rami ɗaya ko biyu a inda kake son ramin kifi, zurfin mita ɗaya da rabi. Duba hawa-hawan da idonka, ka auna inda laka ta fara da inda ta ƙare. Ramin tarwada na ƙasa mita 1 zuwa 1.5 ya wadatar, kuma ana so a bar laka mai kauri a ƙarƙashinsa.

Na biyu, dunƙule. Ɗebo ƙasa daga zurfin da gindin ramin zai tsaya, jiƙa ta kaɗan, dunƙula kamar ƙwallon fura, cilla sama ka cafe. In ta watse, yashi ya yi yawa. In ta tsaya, murza ta a tafin hannu kamar igiya ka lanƙwasa. Wadda ta lanƙwasu ba ta karye ba, ita ake nema. Masana na son laka ta kai aƙalla kashi 20 cikin 100.

Na uku, ruwa. Cika ramin gwajin da safe. Da yamma ka ƙara cikawa, ka rufe da ganye ko buhu. In da safe mafi yawan ruwan na nan, ƙasar za ta riƙe. In ka tarar da rami wayam, ka gode wa Allah da ya nuna maka tun kafin ka kashe kuɗi.

Bari in nuna maka da lissafi. Rami mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, in yana zurarar da santimita 5 kawai a rana, lita 5,000 ke tafiya. Jarka 200 ke nan ta lita 25, kullum. Rana da iska kaɗai, ko a zafin Afrilu, ba su cika shan fiye da santimita 1 ba. Duk abin da ya haura haka, ƙasa ce ke sha. Ka lissafa man janareta na wata biyar ko shida kafin kifi ya isa sayarwa, ka ga ina riba ta tafi.

IN GWAJIN YA YI KYAU

Kwashe saman ƙasar ka tara gefe, ta yi maka amfani a lambu. Bangon rami da jar laka zalla za a yi shi, ana zubawa hawa-hawa kamar santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Ka yi masa jirkice, kada ya miƙe kamar bangon ɗaki. Ƙasar tudun nan tana da ɗan tsami, kifi kuwa ya fi son ruwa mai awon tsami tsakanin 6.5 da 8.5, don haka a auna kafin a zuba farar ƙasar gyara. Mai son tabbaci ya kai samfurin ƙasarsa ɗakin gwajin ƙasa a Samaru, ga shi kusa da mu.

KUDUDDUFAN CIKIN BIRNI FA?

Wani zai ce ai ga kududdufai nan cikin ganuwa suna riƙe ruwa. Gaskiya ne. Yawancinsu ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini, irin jar ƙasar da aka yi ganuwa da gidaje da ita, har da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. Suna riƙe ruwa ne don laka da dagwalo sun toshe gindinsu shekara da shekaru. Amma duk kwatamin unguwa can yake ƙarewa. Ban ba kowa shawarar kiwon kifin sayarwa a ciki ba, kuma kada a ba kaji ruwansu.

Mai kiwo a cikin gida, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, tanki ya fi masa. Sai dai ya yi tunanin inda ruwan da ya canza zai bi. Gidaje a haɗe suke, rijiyoyi ba zurfi, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma gangare yake bi kamar na sama. Tarin kashin kaji ko ramin zubar da ruwan kifi su kasance ta ƙasan rijiya, da tazara gwargwadon iko, in da hali mita 30. Rijiyar maƙwabci ma haƙƙi ce a kanka. Ruwan tanki da ke kwanciya a gindin katangar ƙasa kuwa, damina ɗaya ta isa ya kayar da ita.

Mai son haɗa kiwon biyu a fili ɗaya, tsarin a bayyane yake: kaji a sama, kifi a tsakiya inda laka take, lambu a ƙasa ya sha ruwan da aka zubar, takin kaji kuma ya gyara saman ƙasar da dama ba ta da ƙarfi.

Wanda bai sayi fili ba tukuna, ya je ya gan shi a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya kuma leƙa rijiyar maƙwabta ya tambayi masu haƙa me suka tarar. Wanda ya riga ya saya, ya haƙa ramin gwaji a wannan makon, ya ɗauki hoton bangon ramin ya turo mana tare da sunan unguwa, mu duba tare.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya tsare mu da asara. Amin.