Yadda tururi ke cinye kabad ɗin kicin a gidajen Kano, da hanyoyin kare shi

A sababbin gidajen haya da ake ginawa a Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni, kabad ɗin kicin da aka kafa a jikin bango ya zama abin da ake fara nuna wa mai neman haya. Haka ma a kayan ɗakin amarya, inda iyaye ke kashe maƙudan kuɗi a kansa. Sai dai sau da yawa ba a cika damina biyu ba ƙofofinsa ke kumbura, fatar da aka lulluɓe shi da ita ta ɗaye, ƙasansa ya yi funfuna. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin mai gida da ɗan haya, ko tsakanin mai saye da kafinta.

Daga ina ɓarnar take fitowa?

Yawancin kabad na zamani ba da katakon itace zalla ake yin su ba. Ana amfani ne da allunan da ake kira MDF da makamantansu, waɗanda ake samu a kasuwanni irin su 'Yan Katako da ke Na'ibawa a kan titin Zariya. Niƙaƙƙen itace ne da aka cuɗa da gam, aka matse da zafi, sannan aka lulluɓe fuskarsa da fata mai sheƙi. Fuskar ba ta shan ruwa, amma gefen da zarto ya yanka yana tsotsarsa kamar soso. Da zarar allon ya kumbura, ba ya komawa yadda yake ko da ya bushe.

Tururi ya fi ruwan da ya zube illa, domin yana tashi ya shiga inda tsumma ba ya kaiwa. Zafinsa kuma yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da siririyar robar da aka rufe gefen allo da ita.

Yanayin Kano na ƙara ta'azzara lamarin. A watan Agusta iska na cike da laima, a hunturu kuwa ta bushe ƙarau. Allon da ya sha danshi a damina ya kumbura, shi ne zai tsattsage idan sanyi ya shigo, sai kusoshin da ke riƙe da ƙofa su saki.

Injin wanke kwanuka

Injin wanke kwanuka bai yawaita a Kano ba, saboda yana buƙatar tsayayyiyar wuta da ruwan famfo mai ƙarfi, kuma birnin na fama da ƙarancin duka biyun. Amma a gidajen da ke da rijiyar burtsatse da sola ya fara shigowa, kuma a ƙarƙashin teburin kabad ake cusa shi.

Injin yana wanki da ruwan da zafinsa kan kai digiri 50 zuwa 70 a ma'aunin Selsiyos. Idan aka ɗan buɗe ƙofarsa da zarar ya gama, tururin gaba ɗaya zai bi ta ɗan wannan tsagin ya daki ƙasan tebur da gefen ƙofofin da ke maƙwabtaka da shi. Abin da ya fi shi ne a bar shi a rufe na kimanin minti 30 ya huce, ko a wangale ƙofar baki ɗaya. Kamfanoni da dama na haɗo injin da wata takardar kariya ko farantin ƙarfe da ake mannawa a ƙasan tebur, kuma ya kamata mai gida ya tabbatar an saka ta ranar da ake kafa injin.

A mafi yawan gidaje kuwa, tukunyar tuwo, butar lantarki, tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da bututun da ke ɗiga a ƙarƙashin wurin wanke-wanke su ne ke yin wannan aika-aikar.

Me ya sa batun ya wuce kicin?

Galibin waɗannan alluna daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. A watan Mayun 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500, bayan da Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira a Yunin 2023. Kafintan da ke son riƙe mai saye yakan koma ga allo mai araha, alhali mai sayen ba shi da hanyar bambancewa, tun da fuskar duka ɗaya ce.

Akwai kuma batun lafiya. Gam ɗin da ake haɗa irin waɗannan alluna da shi yana fitar da sinadarin fomaldehaid, kuma zafi da danshi na ƙara yawan fitarsa. A 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin a jerin abubuwan da ke haddasa cutar ga ɗan Adam. Wannan ƙarin dalili ne na barin iska ta riƙa ratsa kicin.

Matakan kariya

Kafin a biya kuɗi, a tambayi kafinta irin allon da zai yi aiki da shi, a kuma rubuta sunansa a rasit. Ɓangaren da ke kusa da murhu, wurin wanke-wanke da injin ya fi dacewa da alminiyom ko allon da aka yi shi don jure danshi, ko da sauran kabad ɗin na MDF ne.

A tabbatar an rufe kowane gefe da aka yanka, har da ramin da bututu ya bi, da roba ko fenti mai hana ruwa shiga. A toshe mahaɗar tebur da bango da silikon. A ɗora kabad a kan ƙafafu domin kada ruwan goge ƙasa ya taɓa shi. A janye buta da tukunyar lantarki daga ƙarƙashin kabad na sama. A buɗe taga lokacin girki, ko a saka fankar da ke zuƙe tururi zuwa waje.

Abin da doka ta tanada

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta bai wa mai saye haƙƙin samun kaya masu inganci da suka dace da aikin da aka saye su dominsa, da damar mayar da masu aibi. Ana iya kai ƙorafi ga hukumar FCCPC ta tarayya ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano.

Sai dai ƙorafi ba ya ƙarfi sai da shaida, kuma cinikin kafinta a Kano galibi da baki ake ƙulla shi. Ɗan haya ya ɗauki hoton kabad ranar da ya karɓi makulli, musamman ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Mai saye kuma ya riƙe rasit mai ɗauke da sunan allo da kwanan wata.